Filin Tambaya da Amsa: Cefane, Tukunya da Maƙwabta a Ingila

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan wata, dukkansu daga ƙauyukanmu na Jigawa da Kano, kuma dukkansu a kan zaman 'ya'yanmu ne a ƙasar waje. Na amsa su ne da abin da na gani a shekaru bakwai da na yi a birnin Mancesta tare da maigidana, kafin Allah ya dawo da mu gida ƙasar Ringim. Dokokin da zan ambata na Ingila ne, don haka wanda ɗansa yake Saudiyya ko Masar ko Malesiya kada ya ɗauka haka abin yake a can.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. 'Yata ta fari za ta tare wurin mijinta a Ingila bayan Sallah, ni kuwa ban taɓa wuce Kano ba. Na sayi kilishi, na sa an yi mata dambun nama, na tara man shanu kwalba huɗu, ga wake kwano biyar na gonarmu, ga gero da dawa, kuma ina shirin shiga Gujungu ranar Lahadi in ƙaro kuka da daddawa. Surukina ya aiko cewa a rage kaya, ni kuwa sai na ji kamar an raina garata. Me ya kamata in haɗa mata? Daga wata uwa, ƙaramar hukumar Taura.

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya sa gidan zamanta ne. Surukinki bai raina ki ba, gaskiya ya faɗa miki, kuma gara ki ji ta yanzu a tsakar gidanki da a ce yarinya ta tsaya gaban jami'an kwastan ana zazzage mata jaka, ga gajiyar hanya, ga rashin sabo. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashe irin tamu shiga da nama ko abin da aka yi da nama, ɗanye ne ko soyayye ko busasshe, haka nan madara da duk abin da ya fito daga madara. Kilishi da dambun nama da man shanu duk sun faɗa cikin wannan hani. Dalilinsu tsoron cututtukan dabbobi ne, domin a 2001 ciwon baki da kofato ya shiga garkunansu har sai da aka hallaka dabbobi sama da miliyan shida, kuma tun daga lokacin ba su sake wasa da maganar ba. Abin da aka kama ƙwacewa ake yi a lalata. Ki bar kilishin nan a ci shi ranar rakiya, man shanun kuma ya zauna a ɗakinki. A kantunan Indiyawa da 'yan Pakistan za ta sami irinsa da suke kira ghee, wanda idan ta soya shi da albasa zai tsaya mata a kan tuwo, ko da yake ƙamshinsa bai kai na wanda Fulani suke kawo mana ba.

Waken ma ki bar shi. A 2015 Tarayyar Turai, wadda Birtaniya take cikinta a lokacin, ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa, irin piya-piyan nan da wasu suke yayyafa wa buhu don kada ya huje. Wannan abu ne da ya kamata ya dame mu ko da ba wanda zai fita waje, domin waken da Bature ya ƙi, mu da 'ya'yanmu ne muke cinye shi. Farin wake mai baƙin ido yana nan a kowane babban kanti a can, kuma yana yin ƙosai da alale yadda ake so. Ɗanyen tattasai da attaruhu da albasa da duk wani irin shuka su ma ba a shiga da su sai da takardar lafiyar tsirrai, wadda ba matafiyi irin 'yarki ne yake yawo da ita ba.

Gero da dawa nauyi ne kawai za su zame mata. Yawancin jirage jaka biyu suke ba mutum, kowacce kilo 23, kuma hatsin nan yana can: Indiyawa suna kiran gero bajra, dawa kuma jowar, suna sayar da tsabarsu da garinsu. Tsamiya a wurinsu imli ce, ɗanyar kuɓewa bhindi. Zoɓo kuwa, wanda manomanmu na wajen Maigatari da Gumel suke nomawa har ana fitar da shi ƙasashen waje, 'yan Jamaika suna sayar da busasshensa da sunan sorrel. Ki sa a rubuta mata waɗannan sunaye a takarda, za su yi mata amfani fiye da kwano biyar na hatsi.

Tafiyarki Gujungu kuwa tana nan, domin abin da za ki sayo shi ne ainihin abin da yake wuyar samu. Kuka mai kyau koriya shar, da busasshiyar kuɓewa, da karkashi, da kanwa, da kimba da masoro, da dakakken yaji, da garin ɗanwake, da garin kunu da aka surfa aka wanke aka shanya a gida. Daddawar kalwa irin tamu ita ce kan gaba. Akwai ta Yarabawa da suke kira iru a kantunan 'yan Afirka, amma ɗanɗanonta daban ne, kuma miyar kuka tana nuna bambancin. A busar da daddawar sosai, a daka ta, a zuba a roba mai murfi, a naɗe da leda ninki uku, in ba haka ba duk kayan lefenta sai sun ɗauki wari. Komai ya zama busasshe, niƙaƙƙe, a ƙulle, da sunansa a rubuce a jiki. An yarda da busasshen kifi ko banda har kilo 20 ga mutum ɗaya, saboda haka bandar Haɗeja za ta wuce idan ta bushe ƙayau babu ƙwari, dabino kuma yana cikin 'ya'yan itacen da ba a neman takarda a kansu, sai ki aika Shuwarin ranar Litinin a sayo mata. Mijin ya duba shafin gwamnatinsu ana saura mako guda, domin sukan sauya doka, ita kuma idan an tambaye ta ko tana ɗauke da abinci ta faɗi gaskiya ta nuna.

Muciya da mara da maburgi da rariya su shiga jaka, ba su da nauyi. Turmi ya zauna, za ki ga dalili a amsa ta uku. Sannan akwai abin da ba a sawa a jaka: yarinyar da ta tashi a gidan da ake tuƙa tuwon mutum ashirin a kan murhu, sai ta koyi tuƙa na mutum biyu a ƙaramar tukunya. Ki zaunar da ita kafin ta tafi, ku auna gari da kuka da daddawa da ludayi, ta yi a gabanki sau biyu ko uku.

TAMBAYA: Malama, na sami tallafin karatun digiri na biyu a Ingila, zan tafi a watan Satumba. A gidanmu namiji ba ya shiga madafa, ban taɓa dafa ko ruwan shayi ba. Yaya ake cefane a can, kuma ta yaya zan tabbatar abin da nake ci halal ne? Daga wani ɗalibi, wani ƙauye kusa da Kibiya.

AMSA: Ɗana, Allah ya ba da sa'a. Daga yau ka shiga madafa ka durƙusa kusa da mahaifiyarka, kada kunyar ƙannenka ta hana ka. Ka koyi abu huɗu: dafa shinkafa da wake, miyar tumatir, miyar kuka, da tuƙa tuwo. Ɗalibin da bai iya waɗannan ba kuɗinsa a sayen abincin waje suke ƙarewa, kuma na ga samari da yawa da suka rame a zangon farko alhali firjinsu ba a wofi yake ba.

Cefane a can babu yaron aike, babu tayi, babu gyara, babu kuma mai tebur da zai ba ka bashi sai ranar kasuwa. Da ƙafarka za ka je, farashi yana rubuce. A cikin manyan kantunansu, Aldi da Lidl sun fi sauƙin kuɗi, Tesco da Asda sun fi yawan kaya. Ka riƙa tafiya da jakarka, domin tun 2021 ledar kanti a Ingila ba ta gaza kwabo 10 na kuɗinsu ba, kuma keken zuba kaya a kantuna da yawa sai ka sa masa tsabar fam ɗaya yake sakuwa, idan ka mayar da shi kuɗinka su dawo. Ranar Lahadi, wadda a wurinmu ita ce ranar cikar Gujungu da Ɗambatta, manyan kantunansu awa shida kawai doka ta yarda su buɗe, da yawansu ƙarfe huɗu na yamma sun rufe. Da maraice kuma sukan karya farashin abin da kwanansa ya kusa cika, su manna masa takarda, yawanci ruwan ɗorawa. Burodi da kayan lambu a nan ɗalibi yake samun sauƙi.

Nama ka saye shi wurin mahautan Musulmi. A Mancesta suna da yawa a unguwannin Cheetham Hill da Longsight da Rusholme, kuma kowane babban gari yana da irin waɗannan unguwanni. Ka tambaya a masallaci ranar Juma'ar farko, za a nuna maka. Wasu shagunan suna da tambarin HMC, wata hukumar Musulmi da take sa ido a kan yanka. Inda ake yin tuntuɓe shi ne ƙananan abubuwa: alewa mai danƙo da wasu kayan zaƙi ana sa musu jelatin, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi, wasu miyar kwalba kuma akwai giya a ciki. Ka saba da juya kwali kana karanta abin da aka haɗa, kuma abin da aka rubuta cewa ya dace da marasa cin nama ya kuɓuta daga alade, saura ka duba giya.

Idan madafar haɗaka ce da wasu ɗalibai, ka wanke tukunyarka da ka gama, kada ka taɓa abin wani a firji ko da gishiri ne sai ka tambaya. Manja idan ya yi hayaƙi yana tayar da ƙararrawar gobara, saboda haka ka rage wuta ka buɗe taga, kuma kada ka kuskura ka rufe ƙararrawar da leda ko safa, rayukan mutanen gidan duka a kanta suke. Ka yi miya mai yawa ranar Asabar, ka raba a ƙananan robobi ka sa a firiza.

TAMBAYA: Malama, 'yata shekararta guda a Ingila da mijinta da ɗansu ƙarami. Duk lokacin da ta kira uwarta sai ta yi kuka. Ta ce maƙwabta ba sa shigowa, gaisuwa ma da murmushi kawai ake amsa mata. Da Sallah ta kai wa matar da ke kusa da su abinci, sai matar ta tsaya tambayarta me da me aka sa a ciki, abin ya yi mata ciwo. Maƙwabcin da ke ƙasansu a benen kuma ya turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa yana ƙorafin daka da take yi. Ina tunanin in sa a dawo da ita. Mene ne shawararki? Daga wani uba, ƙasar Ɗambatta.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Wasiƙarka ta taɓa ni, domin kukan da 'yarka take yi na yi irinsa. Ka duba yadda ta tashi: da asuba an yi sallama an ɗebi wuta, da hantsi an aiko aron rariya, da rana mata sun haɗu a gindin turmi, da yamma kwanon tuwo ya tsallaka katanga ya dawo da wani abu a ciki. Ba ta taɓa yin wuni guda ba ta ji muryar wata mace ba. Yanzu an kai ta ɗaki a bene, miji ya fita tun safe, ƙofofi a rufe, kuma a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Duk wadda aka yi wa haka za ta yi kuka, kuma ba rashin haƙuri ba ne.

Amma ina roƙonka kada ka yi saurin yanke hukunci, domin abubuwa biyun da ta ɗauka wulaƙanci ne suna da wata fassarar. Matar da ta tambayi abin da ke cikin abinci, mai yiwuwa tsoro ne ya sa ta. A can akwai mutane da yawa, musamman yara, da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi ko ƙwai ko madara, har wani idan ya ci gyaɗa kaɗan maƙogwaronsa yakan kumbura numfashi ya tsaya, sai an garzaya da shi asibiti. Mu kuwa gyaɗa tana cikin miyar taushe, tana cikin yajin tsire, da manta muke suya. Wadda ta yi tambaya tana da niyyar ci ne. Wadda ba ta so sai ta karɓa ta yi godiya ta ajiye. Nan gaba 'yarka ta rubuta abin da ta sa a 'yar takarda ta ɗora a kan murfi, ta rage yaji, ta fara da abu mai sauƙi kamar cincin ko dabino ko shinkafa da kaza.

Mai takarda kuma yana da gaskiyarsa. Gidajen nan da yawa daɓensu katako ne, kuma abin da yake daɓe a wurinta shi ne rufin ɗakin na ƙasa, saboda haka kowace saukar taɓarya a kansa take. Turo takarda a al'adarsu ladabi ne, ya zaɓi ya gaya mata da kansa maimakon ya kai ƙara wurin mai gida ko hukuma. Ta ajiye turmin ta koma injin markaɗe na lantarki, ta kiyaye hayaniya daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe, waɗanda su ne awannin dare a dokarsu, sannan ita da mijinta su sauka su ƙwanƙwasa masa ƙofa su ba shi haƙuri. Sau da yawa daga irin wannan ba da haƙuri ake fara gaisawa.

Abin da na fahimta bayan na daɗe shi ne, Bature ba ya shiga gidan maƙwabci ba tare da an gayyace shi ba, kuma a ganinsa barin ka da sha'aninka girmamawa ne. Maƙwabtakarsu a ƙofar gida take, a kan ƙananan hidimomi. Tawa ta fara ne da kwandon shara. Kowace unguwa tana da ranar da motar shara take zuwa, kwanduna kala-kala, na takarda daban, na kwalba da gwangwani daban, kuma wanda bai fitar da nasa ba sai ya jira wani zagayen. Wata tsohuwa da mijinta ya rasu tana zaune ita kaɗai kusa da mu, sai na lura wata safiya da ƙanƙara ta sauka tana fama da nata kwandon a kan santsi. Na karɓa na ja mata shi bakin titi, na kuma mayar mata bayan an kwashe. Na yi haka makonni ban ji komai ba sai godiya. Ranar nan ba na gida aka kawo mini saƙo, ta karɓa ta ajiye, da na je ɗauka ta ce in shigo in sha shayi. Ita ce daga baya ta nuna mini bas ɗin da ke zuwa kasuwar Longsight, ita ce kuma da na haihu ta saƙa wa jaririyar hula da hannunta ta kawo. Da Kirsimeti takan turo mana katin gaisuwa, ni kuma da Sallah in kai mata waina da miya marar yaji. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarri idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabtansa, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa maƙwabcin da ba Musulmi ba ma yana da haƙƙin maƙwabtaka. A ƙauye maƙwabta ne suke zuwa yi wa baƙuwa sannu da zuwa. A can sai baƙuwar ta daure ta fara.

Akwai kuma abin da nake so ka gaya wa surukinka, magana ta uba da ɗa. Kada ya riƙa yo cefane shi kaɗai a hanyarsa ta dawowa yana ganin ya hutar da ita, domin fita cefanen nan ita ce ƙofar da za ta ga mutane. Ya nuna mata hanya sau ɗaya ko biyu, ya bar mata katin kuɗi, ta tura ɗanta a keke ta je da kanta. Ya kai ta masallacin da ke da sashen mata, ya haɗa ta da matan Hausawa da ke garin, waɗanda ba a rasa su a manyan garuruwa. Ɗakunan karatu na unguwa suna da zaman iyaye mata da ƙananan yara kyauta, a nan ɗanta zai yi wasa ita kuma bakinta ya saki da Turanci. Sai dai ta kiyaye, kada ta bar yaro shi kaɗai a ɗaki don ta leƙa kanti, ko da barci yake yi. A gida idon kowa yana kan ɗan kowa, a can kuwa babu mai dubawa, kuma hukuma tana ɗaukar abin da zafi.

Lafiyarta ma a duba. Hukumar lafiyarsu tana ba da shawarar shan bitamin D, mikrogiram 10 a kullum daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata da masu rufe jiki kuwa duk shekara, saboda ƙarancin rana yana kawo kasala da ciwon gaɓoɓi. Idan kukan ya haɗu da rashin barci ko ƙin abinci ko ta daina kula da kanta, ta ga likitan unguwa da ta yi rajista da shi, kada a tsaya ana cewa kewar gida ce kawai. Idan kuma ka bincika ka ji akwai cutarwa daga mijin, wannan wata magana ce daban, kuma a nan ba zan ce ka jira ba.

Ku kuma daga nan gida ku riƙa kiran ta, kada kullum ita ce mai kira. Daga Lahadin ƙarshen Oktoba zuwa Lahadin ƙarshen Maris agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, sauran watannin kuwa daidai muke. A hunturu, idan kun idar da sallar Magariba a Ɗambatta, ita duhu ya daɗe da rufe ta kuma mijin bai dawo ba, wannan ne lokacin da ya fi yi mata nauyi. Uwarta ta kira ta a daidai lokacin, ta jingina wayar kusa da murhu, su yi girkin dare tare.